Masaukin Ɗalibi A Wajen Jami'a: Amanar Da Muka Sakar Wa Dillalai

 

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, gidajenmu sukan cika da murna. A yi ta faɗi-tashin kuɗin rajista, a ɗinka tufafi, a sayi katifa da bokiti, a haɗa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji. Abu guda ake barinsa sai ƙarshe, alhali da shi ya kamata a fara: ina yaron nan zai riƙa kwana? Sau da yawa abin da uba yake ji shi ne, "Baba, na samu ɗaki, a turo kuɗi." Sai a tura. Bai ga ɗakin ba, bai san sunan unguwar ba, bai san mai gidan ba, bai san da wa ɗansa ko 'yarsa za su zauna ba. Mutumin da ba ya sayen ragon layya sai ya duba haƙora ya shafa gadon baya, shi ne yake biyan kuɗin wurin da ɗansa zai shekara huɗu ko biyar ta wayar tarho.

Lacca awanni kaɗan take ci a yini. Sauran yinin da daren duka a masauki ake yin su. A can ake tashi sallar Asuba ko a makara, a can ake bitar karatu ko a kwana ana latsa waya, a can ake yin abokan da za a ɗauki ɗabi'unsu. Saboda haka muke cewa zaɓen masauki yanki ne na tarbiyya, nauyinsa yana wuyan iyaye da masu gidaje da mutanen unguwa da mawadata, kuma a yau mun sakar wa dillalai shi.

Me ya fitar da ɗalibai waje?

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ɗalibanta 'yan ɗaruruwa ne. Yau dubun dubata ne, kuma gine-ginen kwana ba su ƙaru daidai da yawan masu shiga ba. Haka lamarin yake a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Wannan ne ya mayar da Samaru da Hayin Dogo da Palladan unguwannin ɗalibai a Zariya, ya mayar da Ɗanbare da Rimin Gata da Rijiyar Zaki da Kabuga haka a Kano. Sababbin jami'o'in tarayya kuwa, kamar ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 da ta Gusau da aka kafa a 2013, sun soma ɗaukar ɗalibai tun kafin garuruwan su shirya saukar wannan taron baƙi.

Akwai kuma waɗanda ko da gado a cikin makaranta dole su nemi waje: mai aure, da mai goyo, da mai karatun digiri na biyu, da wanda cunkoson ɗaki da layin banɗaki suka hana shi natsuwa. Don haka maganar wasu cewa duk ɗalibin da ya kama ɗaki a waje shashanci yake nema, zalunci ce. Mafi yawansu larura ce ta fitar da su. Haka nan masu cewa in babu gado a ciki to 'ya mace ta haƙura da karatun, sun ɗauko maganin da ya fi cutar ciwo, domin mu ɗin nan ne muke kukan rashin likitoci mata da malamai mata. Abin yi shi ne a gyara masaukin.

Zaɓin da ke gaban iyali

Na farko, zama a gida ko a gidan dangi. Ga wanda jami'a take garinsu, wannan ya fi sauƙi da kwanciyar hankali, sai dai a yi lissafin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kashi na kuɗin karatu. A ce zuwa da dawowa yana cin naira 1,000 a rana, kwana 5 a mako, mako 30 a shekarar karatu: naira 150,000 ke nan, ban da laccar safe da za a rasa a cunkoso. Gidan dangi kuwa yana da nasa ladubban. Ɗan kawu da ɗan gwaggo da mijin yaya ba muharramai ba ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya tsananta gargaɗi a kan sakaci da dangin da ake ganin na gida ne. Sai a tabbatar yarinya tana da ɗakinta da suturarta. Masu riƙo su ji tsoron Allah, kada su mayar da ɗaliba 'yar aiki har ta rasa lokacin buɗe littafi. Iyaye kuma kada su turo yaro hannu rabbana. Ko mudun shinkafa ne a aika, yana ƙara danƙon zumunci.

Na biyu, ɗaki a gidan magidanta, ko shagon ƙofar gida ga namiji. Amfaninsa shi ne akwai idon babba. In yaro ya kwanta ciwo za a sani, in ya kwana biyu bai dawo ba za a tambaya. Aibinsa shi ne haɗa banɗaki da tsakar gida da matan aure, abin da yake buƙatar kamun kai da kiyaye sallama.

Na uku, abokai su haɗa kuɗi su kama ɗaki ko ciki da falo. Wannan ya fi yawa saboda araha, kuma alherinsa da sharrinsa duka suna ga abokan. Annabi (SAW) ya kwatanta abokin zama na kirki da mai sayar da turare, na banza kuma da mai zuga wutar maƙera: kowanne sai ka tashi da wani abu daga gare shi. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A irin wannan ɗaki ne wani yake haddace Alƙur'ani saboda abokinsa yana tashinsa da dare, a irinsa ne kuma wani yake koyon shan ƙwaya da cacar waya da damfarar intanet.

Na huɗu, gidajen kwana na 'yan kasuwa da ɗalibai suke kira loj, masu ɗakuna jere, kowanne da banɗakinsa, wasu da maigadi da rijiyar burtsatse da sola. Sun fi tsada, kuma tsadar ba ta nuna tsari. Wani an ware shi ga mata zalla, da dattijuwa mai kula da lokacin rufe ƙofa. Wani kuwa maza da mata ƙofa na kallon ƙofa, maigadin kuma aikinsa buɗe get kawai. Kada kyan fenti da tayil su rufe wa uba ido daga wannan bambanci.

Na biyar, ɗakunan da ke jikin masallatai, inda ɗalibi marar hali yake raɓewa yana shara da kiran salla. Wannan ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma ɗakunan kaɗan ne, kuma ba su ɗaukar mata.

Akwai hanya ɗaya da ya kamata a ƙaurace mata: sayen gurbin gado daga ɗalibin da makaranta ta ba shi a farashi mai rahusa, shi kuma ya ninka ya sayar. Dokokin jami'o'i sun hana, kuma mai yin haka yana cin riba ne da abin da aka ba shi bisa sharaɗin shi zai zauna. Cin amana ne, ko da kowa yana yi.

Abin dubawa kafin a biya

Farkon abin dubawa shi ne tsaro, domin kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a. A ranar 22 ga Satumban 2023, 'yan bindiga sun shiga gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, suka sace fiye da mutum 20, mafi yawansu mata. Ba a yi mako biyu ba, a farkon Oktoba, aka sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Duka biyun a masaukin waje aka yi. Gidan da yake ƙarshen gari, bayansa daji, babu maƙwabci sai kango, ko kyauta aka bayar tsada ne. A duba katanga da ƙofar ƙarfe, a tambayi nisan ofishin 'yan sanda da 'yan sintirin unguwa, a bi hanyar da ɗalibi zai bi in lacca ta kai shi Magariba.

Sai lafiyar ginin. Ɗakin da aka gani da rani ba shi ne ɗakin damina ba. A duba alamun ruwa a bango da silin, a tambayi maƙwabta ko kwata tana ambaliya. A duba taga, domin ɗakin da iska ba ta ratsa shi haɗari ne ga mai girki da tukunyar gas. A gargaɗi yara cewa hayaƙin janareto da na garwashi a rufaffen ɗaki yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. A san tushen ruwa: famfo ne, rijiya ce, ko kullum sai an kira mai ruwa? A san wuta: mita mai kati ce, ko raba bil ake yi, kuma wa ke rabawa?

Sai maƙwabta da masallaci. Larabawa suna cewa a nemi maƙwabci kafin gida. Uba ko wa ko kawu ya je da ƙafarsa, ya yi salla ɗaya a masallacin layin, ya gaisa da liman, ya gabatar da yaronsa ga mai unguwa, ya karɓi lambar wayar dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya. Wannan tafiyar ta yini guda ta fi nasihar waya ta shekara amfani. Idan nisa ya hana, babu garin jami'ar da za a rasa ɗan gari ko tsohon abokin karatu da za a wakilta.

Haya ciniki ce, tana da hukunci

Malaman fiƙihu sun sanya haya a babin ijara, kuma sun shar'anta a san abu uku: abin da aka hayar, tsawon lokaci, da adadin kuɗi. Duk duhun da aka bari a ɗayansu ƙofar rigima ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta karantar da mu rubuta mu'amala mai wa'adi da kafa mata shaidu. To me zai sa a miƙa kuɗin shekara ba rasit, ba takarda, ba shaida? A rubuta ranar shiga da ranar fita, da adadin mutanen da za su zauna, da wanda gyara yake kansa, da sanarwar da za a bayar kafin ƙarin kuɗi ko tashi.

La'adar dillali halal ce idan an san adadinta tun farko kuma ya yi aikin. Amma dillalin da yake karɓar kuɗin "ganin ɗaki" daga mutum goma alhali ya san an riga an kama, ko ya karɓi kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum biyu, ko ya ɓoye aibin da ya sani, haram yake ci. Kada a biya sai an ga mai gidan ko wakilinsa tabbatacce. Kuɗin ajiya da ake karɓa saboda ɓarna amana ne, wajibi ne a mayar idan ba a ɓata komai ba. Ƙa'idar malamai ita ce ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace don tsufa ko amfani na al'ada, sai in ya yi ganganci ko sakaci.

Akwai mas'alar yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuɗin hayar ɗalibai da yawa ya ƙare suna gida. A hukunci, idan mai gida ya miƙa maɓalli kuma ɗakin yana hannun ɗan haya, kuɗin ya hau kansa ko bai kwana ciki ba. Amma rangwame a irin wannan hali kyautatawa ce mai lada, kuma mafi dacewa a rubuta tun farko yadda za a yi idan an rufe makaranta.

'Ya'yanmu ɗalibai, ku ma akwai naku. An yi da ku mutum biyu, kada ku zama shida. Kada ku zagaye mita, sata ce. Kada ku bar bashin mai shago da na mai ruwa ku gudu ranar kammala jarabawa. Rufe ƙofa da wanda ba muharrami ba keɓancewa ce da Shari'a ta hana, ko da sunan bitar karatu ne. Ɗakin karatu na makaranta da harabar masallaci suna nan. Ranar da idon iyaye ya ɗauke daga kanku, ranar ce aka fara gwada abin da kuka taso da shi.

Ga masu gidaje da mutanen unguwa

Wasu masu gidaje sun mayar da ɗalibi saniyar tatsa: ƙari duk shekara, gyara babu, an toshe tsakar gida da ɗakuna kamar akurki. Wasu kuma sun ce su ba sa ba gwauro haya, ba sa ba mace marar aure. Niyyarsu kare unguwa ce, amma sakamakon shi ne an tura yaran Musulmi can bayan gari inda babu mai tsawatarwa kuma babu mai kai ɗauki. Wanda ya fi shi ne a ba su hayar da sharuɗɗa bayyanannu, a san iyayensu, a riƙe su kamar na cikin gida. Ɗa na kowa ne.

Ɗalibin da ke layinku maƙwabci ne kuma baƙo ne, haƙƙi biyu ke nan. Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Gida nawa ne a unguwannin ɗalibai suke aika musu kunu da ƙosai da azumi? Liman nawa ne ya san sunayen ɗaliban da ke sahunsa? Sannan mu kiyaye harsunanmu. Da zarar an ga ɗaliba ta dawo da yamma sai a fara raɗa, alhali wataƙila daga ɗakin gwaje-gwaje ko asibitin koyarwa take. Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigi, Suratun Nur kuma ta yanke bulala 80 ga mai jifan kamammiyar mace ba tare da shaidu huɗu ba. In an ga ɓarna a fili, a yi nasiha, a kira iyaye, a sanar da hukuma. Ɗaukar doka a hannu ba ya cikin addini.

Maganin da muka gada muka manta

Saukar ɗalibi tsohon aikin Musulmi ne. A masallacin Madina akwai Suffa, inda baƙi marasa gida suke kwana suna koyon addini, ana ciyar da su, kuma Abu Huraira (RA) yana cikinsu. Makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, a ƙarni na 13 miladiyya, tana ba ɗalibanta ɗaki da abinci daga wakafi. Makarantun birnin Fas na Maroko, kamar Aɗɗarin da Bu Inaniyya na ƙarni na 14, an gina su da ƙananan ɗakunan ɗalibai a saman bene. Mu ma muna da rabo a wannan tarihi: a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, ta zama masaukin 'yan ƙasarsu, kuma daga baya Azhar ta kasance da sashen kwana na mutanen Borno. A ƙasar Hausa kuwa, zauren malami da zauren attajiri su ne masaukin mai neman ilimi. Kakanninmu sun gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira, mu kuwa mun kasa gina wa namu a Samaru da Ɗanbare.

Muna kira ga mawadata da su karkato da wani ɓangare na sadakarsu nan. A wasu unguwanni masallatai suna kallon juna, kowanne bai cika sahu biyu ba, alhali babu gidan kwana ɗaya na amana ga ɗalibai mata. Gidauniyar Aliko Ɗangote ta gina wa Jami'ar Ahmadu Bello rukunin ɗakuna mai ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000, amma ba sai mai irin wannan ƙarfi ba. Gida mai ɗaki goma kusa da ƙofar makaranta ya isa wakafi. A sanya kuɗin haya mai sauƙi wanda zai riƙe gyara da albashin maigadi da mai kula, a ware wasu gadaje kyauta ga marayu, a naɗa kwamitin amintattu mai bayar da lissafi duk shekara, a yi wa filin takarda da sunan wakafi domin kada magada su tayar da shi. Waɗanda ba su iya ginawa su kaɗai su haɗa hannu: jama'ar masallacin Juma'a, ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN wadda take tare da ɗalibai tun 1954. Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano da Hukumar Zakka da Wakafi ta Sakkwato da takwarorinsu suna iya jagorantar tsarin. Kafin a kai ga gini, ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda za a ba zakka ya biya haya, domin naira 20,000 da asusun lamunin karatu na NELFUND yake bayarwa a wata da ƙyar take riƙe ciki da kuɗin mota.

Jami'o'i ma su daina ganin abin da ke bayan katanga ba nasu ba ne. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ya yi rajistar gidajen da ya duba ya amince da su, ya san inda kowane ɗalibi yake kwana, ya haɗa kai da masu unguwanni da jami'an tsaro, ya samar da motocin da za su mayar da ɗalibai masaukinsu bayan faɗuwar rana.

Kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Uban da ya biya rajista bai gama ba sai ya san ƙofar da ɗansa yake rufewa da dare da mutanen da ke bayanta. Kafin zangon karatu mai zuwa, kowane uba ya je ya gani, kowane mai gida ya rubuta takarda ya yi adalci, kowane kwamitin masallaci da ke kusa da jami'a ya zauna ya ƙirga ɗaliban layinsa ya ga abin da zai iya yi musu.

Allah Ya tsare 'ya'yanmu a inda muke ganinsu da inda ba ma ganinsu, Ya haɗa su da abokai na gari da maƙwabta na gari, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya ba su ilimi mai amfani. Wallahu a'alam.